Kuskuren Baba Basilla Guda Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shagon, ko ana ruwa ko ana rana. Shago ne ɗan mitsitsi, matse tsakanin mai aski da mai gyaran fanka, irin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi ta ba ɗaya haƙuri. Zai jingine sandarsa a bayan ƙofa, ya share tebur da tafin hannu, ya ɗora gwangwanin gam a kan ɗan risho, ya jawo zare ya bi shi da kakin zuma sau uku. Sannan ya zauna. Ba rediyo, ba hira, in ka gaishe shi a wannan lokacin da ka kawai zai amsa. Sana'arsa ɗinkin littattafai, kuma cikin goma da ake kawo masa tara Littafi Mai Tsarki ne: wanda bangonsa ya rabu da shi, wanda ɓera ya ɗanɗana, wanda yara suka yi wa aski da almakashi. Sunansa na ainihi ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Baba Basilla muke ce masa, saboda ƙatuwar allurar nan da kullum take soke a aljihun rigarsa.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, bayan shekara arba'in da ɗaya. Fasto ya ce ni zan rubuta 'yan kalmomin yabo a kansa, tunda ni nake karanta Maganar Allah a gaban jama'a ranar Lahadi, yau shekara goma sha tara. Na amsa da rawar jiki. To ga shi kwana tara ina juya biro a hannu, kaina ya ɗaure. Domin gaskiyar magana, babban alherin da dattijon nan ya yi mini a duniya kuskure ne, kuma ban san yadda ake yaba wa mutum a kan kuskure ba. In na ɓoye shi na yi ƙarya. In na faɗa, ban sani ba ko yabo na yi ko tonon asiri, nasa da nawa.

Bari dai in fara da yadda yake aiki, saboda wanda bai taɓa leƙa shagon ba. Littafi ba shafi-shafi ake ɗinka shi ba. Takardun a naɗe suke dami-dami, kowane dami shafi talatin da biyu, sai a jera su a ɗinke wannan a jikin wancan. Sauran masu sana'ar, lambar shafi suke dubawa su wuce, kuma ba wanda ya ce sun yi laifi. Shi kuwa Baba, kafin ya soka basilla, sai ya karanta layin ƙarshe na damin da ke hagunsa, ya haɗa da layin farko na wanda ke damansa, a bayyane, a hankali, kamar ɗan koyo. In maganar ta haɗu sai ya ce, "To, sun gaisa," ya ɗinke. Wani lokaci kuma sai ya tsaya cak da allura a sama, idonsa a kan bango, minti biyar, minti goma, gam yana ta daskarewa.

Mai aski ya ba ni labarin farkon zamansa a wurin. Ya ce, "Na ɗauka ciwo ne ya buge shi. Na bar kan mutum rabi, na shigo da ruwa a kofi, na ce Baba lafiya? Ya ce lafiya lau, wata magana ce ta riƙe shi, in ta sake shi zai ci gaba. Na koma na ƙarasa askina ina cewa a raina, wannan maƙwabcin sai addu'a."

Ni ma na taɓa tambayarsa. Na ce, Baba, layukan nan fa su ne dai, ka karanta su ya fi sau dubu, ba ka gajiya? Ya ce, "Su ne dai, ɗana. Amma jiya da na zo wurinsu ban yi faɗa da matata ba, yau na yi. Sai in ji me za su ce mini yau." Na gyaɗa kai kamar na gane. Allah ya sani ban gane ba, na ɗauka zancen tsufa ne.

Waɗanda suka ci moriyarsa suna da yawa, amma biyu suka tare ni suka ce lallai in sa su. Ta farko matar wani direba ce da ya rasu. Mijin ya bar mata Littafinsa, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir, bakin takardun duk sun tattare sun yi baƙi. A ƙa'idar aikin, wuƙa ake sawa a datse gefen ya fito fes. Baba ya ƙi, don wuƙar za ta tafi da rabin rubutun. Ya zauna yana miƙar da gefen shafi ɗaya bayan ɗaya da bayan cokali, mako uku cur. Matar ta ce mini, "In na buɗe yanzu, kamar yana gefena yana gardama da fasto yadda ya saba." Ta biyu ma'aikaciyar asibiti ce, nata ya faɗa bokitin wanki. Ya sa farin ƙyalle tsakanin shafukan ya matse su har suka bushe, kuma tsohon tikitin motar da ya tarar a ciki ya mayar da shi daidai inda yake. Da ta ce ai da ya yar, ya ce inda mutum ya ajiye abu a cikin Littafi, nan ya taɓa tsayawa, ba shi da hurumin matsar masa da shi.

Baba, kai ne mai haɗa abin da ya rabu. Kai ne wanda ake kawo wa Littafi a yage ba ka taɓa tambayar me ya yaga shi ba, ake kawo maka shi sabo fil bayan shekara goma a akwati ba ka taɓa yi wa mai shi gori ba. Wannan kowa ya sani. Saura nawa.

Ina da ƙane, ciki ɗaya muka fito, shi ne autanmu. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon da ya tafi da ita, wata takwas ni da matata muke jinya, mu ɗaga, mu kwantar, mu wanke. Shi kuwa Auta ya tattara ya bi wani aiki can nesa, ko a waya sai an yi sa'a. Har aka binne ta bai zo ba. Bara ya dawo a rame, ya kama ɗaki a bayan tasha. Yakan zo sujada ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ya sulale kafin a sallami jama'a. Sau biyu ya zo gidana, sau biyu na sa aka ce ba na nan. Matata ta ce, "Maigida, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce nawa na yanke, kuma ina barcina lafiya. Haka nake, in na ƙulle abu a raina ba na kwancewa da wuri.

Littafin da nake karatu da shi a gaban jama'a na mahaifiyarmu ne, babba, mai manyan baƙaƙe. Da bangonsa ya saki na kai wa Baba, na karɓo ranar Asabar, ya yi kyau kamar ba shi ba. Washegari karatun ya faɗo a kan labarin mutumin nan mai 'ya'ya biyu maza, wanda ƙaramin ya kwashi rabonsa ya tafi ya watsar. Na san labarin kamar yunwar cikina. Na hau, na gyara tsayuwa, na buɗe murya. Ni kuwa ina ji da muryata, ba zan ɓoye ba: na san inda ake sassautawa, na san inda ake tsayawa a kalli jama'a. Ran nan hankalina kashi biyu ne, rabi a kan muryar, rabi a kan kada idona ya sauka a bencin ƙarshe.

Na kai inda yunwa ta koro ƙaramin, ya miƙe ya kama hanyar gidan ubansa. Shafi ya ƙare, na juya, na ci gaba. Layi bakwai na karanta a kan tsawon labule da faɗinsa, da yawan zobba da ƙugiyoyin da za a rataye shi da su, da wannan muryar tawa mai taushi, har da ɗan girgiza kai. Na rufe na ce, "Maganar Ubangiji ke nan." Jama'a suka amsa, wasu da ƙarfi, wasu kamar an matse su. Fasto ya yi tari sau biyu. Na sauko na zauna ina jin na yi aiki.

Matata ta matso ta ce a kunnena, "Maigida, ya isa gida kuwa, ko labule ya tsaya saya a hanya?"

Na kalle ta ban gane ba. Sai da ta buɗe Littafin a cinyata ta nuna mini da yatsa. Dami biyu ne suka yi musayar wuri, na can farko ya dawo nan, na nan ya koma can. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wa'azin ranar ko kalma ɗaya ban ji ba, ina ta haɗa maganganun da zan gaya wa tsohon da ya tozarta ni.

Ranar Litinin tun bai gama shafa wa zare kaki ba na faɗa shagon, na dire Littafin a kan tebur. Na ce, "Baba, ka ga abin da ka jawo mini? Shekara goma sha tara ban taɓa yin tuntuɓe ba, jiya ka mayar da ni abin dariya."

Ya ce, "Ina wurin, ɗana. Benci na uku. Zauna."

Na zauna a kan kwalayen bango ina huci. Ya ɗauki Littafin ya kawo shi dab da hancinsa, ya matsar da shi nesa, ya sake kawowa. Ya ajiye ya cire tabarau.

"Wata shida ke nan layukan suna narke mini," in ji shi. "Ko matata ban gaya wa ba. Ranar da na ɗinka naka, na ɗauko dami na ga hazo-hazo. Sai bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa a wurin, na ce sun gaisa, na ɗinke. Ban duba ba. Da ka na faɗa. Jiya da ka juya shafin na ji labule, na san aikina ya ƙare."

Duk maganganun da na kwana ina wasawa suka zube. Na zo in ci mutuncin mutum, na tarar ya riga ni, kuma abin da ya rasa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ina neman abin da zan ce in lallashe shi, sai ya juyo da idanun nan nasa da suka yi fari-fari.

"Ni dai idona ne. Kai fa, ɗana? Naka lafiyarsa ƙalau."

Ba gatse ya yi ba, da gaske tambaya yake, kamar likita. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa. Layi bakwai na karanta, idona a buɗe, kuma ko ɗaya bai wuce maƙogwarona ba. Tun yaushe ke nan? Tun bara da Auta ya dawo? Tun rasuwar mahaifiyarmu? Ko tun farko haka nake, baki yana aiki mai gidan ba ya nan? Har yau ban san amsar ba, kuma tana ba ni tsoro.

Ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya yanke zaren da lalube, ya ce in ara masa ido. Ni nake karanta layin hagu da na dama, shi yana saurare da kai a sunkuye, har muka mayar da kowane dami gidansa. Da muka zo kan labarin ya ce, "Kada ka tsaya a layi ɗaya. Jiya ka hana mu ƙarshensa, ƙarasa mini. Ka bar muryar Lahadi, ni kaɗai ne."

Na karanta da muryar da nake tambayar matata ina takalmina. Injin mai aski yana kuka ta bayan katako, wani yana gwada fanka a ɗaya gefen. Uban ya hango ɗansa daga nesa, ya ruga ya rungume shi, aka yi yanka, gida ya cika da kiɗa. Sai ga babban ya dawo daga gona, ya ji abin da ake ciki, ya tsaya a waje ya ƙi shiga. Uban ya fito yana roƙonsa. Babban ya fara lissafa shekarun da ya yi yana bauta bai taɓa saɓawa ba. A nan na dakata, don kalmomin nan na sha faɗinsu a ɗakina, kusan ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa sanin a rubuce suke ba. Na daure na karanta amsar uban. Na duba layi na gaba, sai na ga an shiga wani zance dabam.

Na juya gaba, na juya baya. Na ce, "Baba, da sauran gyara. Akwai shafin da ya ɓace."

"Wanne?"

"Inda babban ya shiga gidan."

"Duba lambar."

Na duba. Lambobin suna bin juna, ba gibi.

Ya ce, "Nan ya ƙare."

"Ba a faɗi ya shiga ba?"

"Ba a faɗa ba."

"To ya shiga ko bai shiga ba?"

Ya zura zare a basilla da lalube, sai da ya yi sau uku ya samu. Ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinka wurin nan, ban ga an ƙara layi ba. Riƙe mini nan."

Na riƙe. Da za a sa ni rantsuwa kafin ranar, da na rantse cewa babban ya shiga, an ci an sha an watse. Na karanta labarin a gaban jama'a ya fi sau ashirin. Daga ina na samo ƙarshen da babu shi? Ni na ɗinka masa shi, don in rufe Littafin in tafi gida hankali kwance.

Yanzu ga abin da ya hana ni rubutu kwana tara. Baba ya san zancena da Auta, kowa ya sani. Mai aski ya ce tsohon nan ya fi kowa wayo, da gangan ya yi. Matata ta ce hannun Allah ne, in daina bincike. Baba ya ce idonsa ne kawai, kuma na ga hawayensa, ba na jin mutum zai zubar da sana'ar shekara arba'in da ɗaya don ya koya wa mai taurin kai irina darasi. Na kai wa fasto, ya ce me zai hana duka ukun su zama gaskiya. Na fito ofishinsa kaina ya fi ɗaurewa. To wa zan gode wa, kuma a kan me?

Abin da na iya kamawa kaɗan ne. Mu biyu kuskure ɗaya muka yi: muka faɗi abin da muka saba, ba mu duba ba. Bambancin shi ne, shi sau ɗaya ya yi cikin shekara arba'in da ɗaya, kuma da ya gane ya ajiye basilla. Ni kuwa ban san adadin nawa ba. Shi yana zuwa wa layi guda kowace safiya kamar bai taɓa ganinsa ba, da faɗan gida da ciwon baya da komai, ya tsaya ya ji. Ni ina zuwa da amsata a aljihu.

Baba, na gode. Na gode da littattafan da ka ceto, na matar direba da na ma'aikaciyar asibiti da ɗaruruwan da ban sani ba. Na gode da gaskiyar da ka faɗa ranar da ƙarya ta fi sauƙi, don da ka ce ni na hargitsa takardun da na yarda. Na gode da tambayar da ka yi mini, ko da yake har yanzu tana hana ni sakewa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun nan ya zama hutu. Ku kuma 'yan'uwa masu karanta wannan, ba na ce ku koyi ɗinki ba. Gobe da safe, kafin ku fita kasuwa ko ofis, ku ɗauki layi ɗaya, ku dube shi da ido, ku bar shi ya gama maganarsa kafin ku ce kun sani. Kuma dattijon nan yanzu ba ya gani, gidansa ba nisa. Wanda yake da ido da rabin awa ya je ya karanta masa, amma ya shirya, zai tsayar da shi ya tambaye shi me ya ji.

Saura abu ɗaya da ban gaya maka ba, Baba, don na san daga benci na uku ba ka hango ba. Lahadin da ta wuce, da na gama karatu na sauko, ban koma wurina kusa da matata ba. Ƙafafuna suka wuce da ni, ina jin idon jama'a a bayana, har bencin ƙarshe. Auta ya ɗago ya gan ni, ya fara tattara hularsa zai fita. Duk hanyar nan ban shirya kalma ko ɗaya ba, kuma zuciyata ba ta gama hucewa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na tsaya a kansa.

Na ce, "Auta, matsa."

Ya matsa, na zauna.